Goron Sallar da Na Roƙa Wurin Sojoji

Zuwa ga maigidana Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Ya babanka da mutanen Dutse? Akuyata ta haihu, ko ka cinye ta?

Ku daina kuka, lafiyata lau. Wankan jegon gwaggonka Kubura ya kawo ni Sudan, yaƙi ya rutsa da mu. Kwana goma sojoji na harbin juna ta kan titinmu, ga jaririya da zazzaɓi. Na ɗan rame, amma dama kai ka ce na yi ƙiba.

Ranar Sallah sai muka ji shiru. Na leƙa, na ga ɓangarorin biyu sun jingine bindigogi, sun yi sahu ɗaya. Na goya jaririya na fita, Kubura na biye da ni. Larabcina bai wuce na sallah ba, Kubura ce ta fassara: "Ku ba tsohuwa goron Sallah." Wani dogo ya miƙo dabino yana dariya. Na ce, "Ɗan nan, hanya nake so."

Su biyu suka raka mu asibiti, ɗaya daga kowane ɓangare. Da la'asar harbi ya dawo, amma mun riga mun tsallake. Zazzaɓi ya sauka.

Dogon fa ya ce yana sona. Ka tanadi naka goron, kar ka rasa mata.

Allah ya yi maka albarka.
Kakarka, Ikilima