Sai Ranar da Inna Ta Kira Ni

Gwaggo Indo, ki taimake ni don girman Allah, abin nan ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Ina karanta filinki a talho, wato waya, duk mako, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan shigo layi ba. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye, ban saba faɗa wa kowa maganar nan ba.

Ni mutumin Jiratawa ne, amma shekara ta haura ashirin ina Kumasi ta ƙasar Gana, cikin kasuwar albasa. Ina da rumfa, ina da iyali a unguwar Zango, ba na kwana da yunwa. Da yake na yi lekol, wato boko, a Maradi, sai ƴan ƙungiyarmu ta masu albasa suka ce ni zan riƙa shiga biro-biro, wato ofisoshi, da yawunsu. To a nan Faransanci ko ruwan leda ba ya sayo maka. Suka tura ni ajin Ingilishi da ake yi bayan la'asar a wata makarantar yara. Ki gan mu, ƙattai da furfura, a kan bencin ƴan firamare, gwiwa na gaisawa da haɓa. Malamarmu wata dattijuwa ce ƴar Ashanti, Madam muke ce mata.

Watan nan muka shiga darasin kalmomin sharaɗi da na lokaci, irin su idan, da zarar, har sai, da kuma yadda ake faɗin buri. Madam ta ce "if" ta abin da babu tabbas ce, "when" kuwa ta abin da ake da yaƙinin zuwansa. Takan rubuta rabin jimla a allo, kowa ya tashi ya ƙarasa da abin da ya shafe shi. Wani ɗan Burkina ya ce da zarar ya koma gida zai ƙara mata, aka yi ta dariya, don ta farkon ma bai gama biyan kayan ɗakinta ba. Da layi ya zo kaina sai ta rubuta "I will not go home until", wato ba zan koma gida ba har sai. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya ƙarasa: har sai uwata ta kira ni.

Madam ta ce jimla ta yi daidai, ta sa aka tafa mini. Sai kuma ta dube ni ta saman tabarau ta ce to in saya wa tsohuwa talho mana, ko rowa ce ta hana? Aji ya sake fashewa. Mutum guda ne bai yi dariya ba, Gado, wani ɗan Tasawa da muke benci ɗaya. Da muka fito ya tambaye ni ko ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Na ce ni ne. Ya girgiza kai ya ce, "To malam, ka nemi hili nan Kumasi tun da wuri, don nan za a rufe ka." Da wasa ya faɗa, amma tun ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Ga yadda abin ya faro, Gwaggo. Inna ƴar Tibiri ce. Gidansu gidan Anna ne tun asali, kakana har ya bar duniya yana yanka jan zakara a gindin tsamiya. Ita ta kama salla tun kafin aure, amma al'ada da hannu biyu ta riƙe ta. Ana yaye ni aka miƙa ni wajen kakata Jummai a Tibiri. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son a ba ni tuwo, sai ta ce da ƙanwata Tsahara ta kai wa wancan. Ban riƙe ta da wannan ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a garinmu.

Babanmu, Nomau, yana da ɗan fili cikin aikin ruwa na Jiratawa. Duk hutun lekol can nake. Ranar da layin ruwa ya zo kanmu, ni ke tsayawa da hauya ina buɗe fangali ina toshewa, Baba na daga can ƙarshe yana yi mini tsawa in na bar ruwa ya ɓalle. Har yanzu in aka yi yayyafi a Kumasi ƙasa ta yi ƙamshi, sai in ji kamar fomfon ban ruwa aka tayar. Zogalen da ke gefen filin da hannuna na dasa rabinsa.

Da Baba ya rasu aka zauna a zaure. Fili ƙarami ne, ba ya rabuwa, suna guda za a kai koferatif, wato ƙungiyar manoma. Baba Jatau, ƙanen mahaifinmu, ya ce a ba ƙanena Hafizu, tunda ni na yi boko, zan iya neman abin yi a Maradi. Na ce ban yarda ba, ni na fi sanin filin. Sai Baba Jatau ya sa aka kira Inna bakin zaure, ya tambaye ta a gaban mutane wa take ganin ya dace. Gwaggo, kalma ɗaya nake jira. Ta ja lulluɓi ta rufe fuska, ta ce abin da maza suka yanke shi ke nan, ta juya. Nan na miƙe na rantse da Allah ba zan sake taka garin ba sai ranar da ita da kanta ta aiko kirana. Kowa ya ji. Na hau kamyon albasa na taho.

Ba zan ɗora wa Hafizu laifin da bai yi ba. Bai roƙi filin ba, kuma ya riƙe shi da kyau, na ji har ya fi zamanin Baba. Shi ke ci da Inna. Ya sha kirana yana cewa in zo, Tsahara ma haka, har da kuka. Amma ba su na rantse a kansu ba. Har gobe ina ganin an zalunce ni a zauren nan, kuma wadda za ta iya tare mini ta yi shiru.

In Tsahara ta tashi daga Sabon Garin Maradi ta je Jiratawa, takan kira ni ta buɗe murya ta aje talho kusa da Inna. Sai in gaishe ta. Ba ta amsawa. Abin da nake ji kawai ƙarar tsinkar zogale a faifai. Can sai ta ce da Tsahara ta tambayi mutanen Gana ko damina ta sauka wajensu. Mutanen Gana, Gwaggo. Ni ke nan. In na kashe talhon sai in rasa ko daɗi na ji ko haushi.

Makon jiya Madam ta koya mana "I wish", ta ce da shi ake faɗin abin da ya riga ya wuce, wanda babu gyara, irin namu na ina ma a ce. Ta ce kowa ya kawo misali. Mutane na ta burin mota da bene. Ni na ce ina ma Baba ya ƙara kwana, ina ma fili na rabuwa. Na ukun ban faɗa mata ba, don ba za ta gane ba. Ina ma ni ne na biyu a ɗakinmu. Da ko sau ɗaya na ji yadda sunana yake a bakin matar nan.

Abin da ya sa na rubuto yanzu, Tsahara ta kira ni ta ce yanar ido ta rufe idon Inna na hagu gaba ɗaya, na dama ma dishi-dishi yake gani. Sun kai ta likita a Maradi, an ce za a yi aiki bayan sanyi, amma likitan bai ba su tabbas ba saboda shekarunta. Rabonta da ni ina saurayi mai baƙin gemu. In na ƙara jinkiri, ko na je ba za ta ga yadda na koma ba. In kuma na tafi ba kira, na ci rantsuwata a gaban Baba Jatau da duk garin, kuma na yarda ke nan ba ta taɓa neman dawowata ba. Na yi tunanin in sa Tsahara ta matsa mata ta ce in zo, ko da a bakin wani ne. Ki faɗa mini gaskiya, Gwaggo, in jira, in sa a matsa mata, ko in haɗiye in taho? Na gaji. Ina son in ga Gulbin Maradi, in ci kwaɗon zogale da ƙuli-ƙulin gidanmu, in zauna a tsakar gidan nan ko ba wanda ya ce mini uffan.

Ɗan Jiratawa, daga Kumasi

AMSA

Ɗana, na karanta wasiƙarka har sau biyu, kuma amsata gajeriya ce: ka taho. Amma bari in ba ka haƙƙinka tukuna.

Ciwonka na gaskiya ne. Kunyar ɗan fari al'ada ce da muke yabo, amma mun cika mantawa da yaron da ke girma bai taɓa jin uwarsa ta tsaya masa ba. Baba Jatau kuma ya yi kuskure babba da ya sa ta a tsakiyar zaure. Ya san sarai macen Tibiri ta wancan zamani ba za ta buɗe baki ta zaɓi ɗan farinta a gaban maza ba, ko da ranta zai fita. Ba zan rantse maka cewa kai take so a ba filin ba. Mai yiwuwa ta duba ta ga kai kana da boko, Hafizu ba shi da komai sai hauya, uwa kuwa wajen mai rauni take karkata. Ko ma wanne ne, wannan ba ƙiyayya ba ce.

Yanzu ka duba naka ɓangaren. Ka kafa mata sharaɗin da in ta cika shi ta zubar da abin da ta tsare tun tana amarya. Ni ma uwa ce, ɗan farina yanzu har da jikoki, yana nan Zariya kusa da ni, kuma har yau maƙwabciya nake aikawa in ina nemansa. In ya kwana biyu bai leƙo ba, ba na barci, amma ba zai taɓa ji daga bakina ba. Matar da ba ta damu da kai ba, me ya haɗa ta da daminar Gana? Ka ce kana da iyali. Ka lura da yadda kake yi da babban ɗanka in abokanka na wurin, za ka ga kai ma ba ka tsira ba.

Kada ka sa Tsahara ta matsa mata. Tsohuwa ce mai jiran wuƙar likita, ba ta bukatar a sa ta zaɓa tsakanin kunyarta da ɗanta. Kuma kiran da aka ƙwato da matsi, ko ya zo ba zai warkar da kai ba.

Rantsuwa tana da mafita a addini. Ka je wajen malamin da ka yarda da shi nan Zango, ya faɗa maka yadda ake kaffara, ka yi ta kafin ka taso. Maganar mutanen gari kuwa, rabin waɗanda suka ji ka a zauren nan sun riga mu gidan gaskiya, sauran tausayinka suke ji.

Karatun Ingilishi ka riƙe shi, ƴan ƙungiyarku na bukatarka. Ka gaya wa Madam za ka yi tafiya, darasi zai jira ka, idon Inna ne ba ya jira. Su ina ma a ce ka bar su a aji, ba za su dawo da Baba ba, ba za su mai da kai na biyu ba.

Ka bincika lafiyar hanya wajen direbobi, ka taho kafin ranar aikin. Ka sauka wajen Tsahara a Sabon Gari, ka biya Tibiri ka ɗauki ɗaya daga cikin kawunanka ya shige maka gaba. Ka fara gaida Baba Jatau, kada ka tada maganar fili a wannan zuwan. Ranar da za a kai ta likita, kai ne za ka riƙe mata kaya.

Kuma kada ka sa ran za ta tarbe ka. Za ta kau da kai, ta tambayi wani ko an ba baƙo ruwa. Ka je mata da hantsi, lokacin da haske ya cika tsakar gida. Ka zauna ta gefen damanta, ka gaishe ta, ka sunkuyar da kai ƙasa, ka daɗe a haka. Ba za ta dube ka ba muddin kana dubanta, don haka ka ba ta lokaci ta ƙare maka kallo.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa a yi aikin nan a sa'a, ya huce maka zuciya.

Gwaggo Indo