Ministan da bai ɗanɗana cukun Firmin ba

Ƙanena Honoré,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Maryse da yara. Mama na gaishe ka, ƙafarta da sauƙi.

Ka ga sakamakon zagayen farko na zaɓe. Abokin takararka, likitan dabbobin nan da kake rainawa, yana bin ka a wuya. Ka fi ni sanin al'ada: ministan da ya faɗi a mazaɓarsa, washegari yake kwashe kayansa daga ofis. Shekara talatin kana hawa, daga magajin gari zuwa majalisa har ministan harkokin waje, yanzu kana neman zubar da su don ka raina kasuwarmu ta Alhamis, inda 'yan takara ke zuwa neman ƙuri'a. A talabijin kawai muke ganinka kana gaisawa da shugabanni. To su ba sa zaɓe a nan. Ka zo, don Allah.

Yayarka,
Solange

Honoré,

Ina fata ka koma Paris lafiya. Ni dai ban wuni lafiya ba.

Ka zo, na gode, amma da ka yi zamanka. Dattijo Firmin mai sayar da cuku, wanda ya ɗauki gawar Baba, ya yanko maka cuku a bakin wuƙa kamar yadda ake yi wa kowane ɗan takara. Mai gadinka ya buge masa hannu, kai kuma waya na kunnenka, ka wuce! Bayan tafiyarka ya ce da ni, "Solange, yaron nan da nake goge wa majina, yau ni zan sa wa guba?" Na ce sace 'yan jaridar ƙasarmu da aka yi a ƙasar waje ne ya ɗauke maka hankali. Ya ce, "To su zaɓe shi."

Haushinka nake ji, tsoro kuma ya fi haushin yawa. Ka dawo kafin zaɓen Lahadi, kai kaɗai, ka ba shi haƙuri.

Yayarka,
Solange

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan ka samu ka runtsa.

Mun ga a talabijin 'yan jaridar da ka kuɓutar sun sauka daga jirgi, kana bayansu duk ka rame. Na yi kuka, Firmin ma ya cire hula don girmama ka. Sai dai an riga an rufe akwatuna. Likitan dabbobi ya ci.

Mama ba ta sani ba tukuna. Tana ta gaya wa maƙwabta ɗanta minista ne. Kai za ka zo ka faɗa mata, ni ba zan iya ba.

Taka har kullum,
Solange