Tukunyar da Ɗanka Ya Tone

Wurno,
Talata, 6 ga watan Mayu.

Zuwa ga ƙanena Levi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da mai ɗakinka Asabe da yara duka. Allah shi ba Asabe sauƙin ciwon gwiwar da ka ce ya tashi, shi tsare ku da ruwan Fatakwal da bai san ranar hutu ba. Mu nan zafi muke sha, irin wanda ka sani, wanda kaza ke buɗe baki tun da hantsi. An gama kwasar albasa a fadama, gari duk warinta. Ɗiyarmu Patricia ta zo hutun Ista da yaranta biyu, sun cinye mana mangwaro sun koma Gusau lafiya. Wanda zai miƙa maka takardar sunanai Lawwali, direba ne mai kai albasar Goronyo wajenku. Ka ba shi ruwa, mutumin kirki ne.

Za ka ce mi ya sa tsoho ya ɗauki biro alhali ga waya. In na kira ka zan ɗaga murya, kai ma ka ɗaga, kati shi ƙare ba a ce komai ba. Takarda kuwa ba ta katse mutum. Na saurari saƙon muryar da ɗanka Jerry ya saka ga zauren dangi na waya, inda shike ba da shaida wai ya karya asirin da anka binne a gidana. Na kuma ji aminɗinka har uku a bayan saƙon. Shi ne ya sa na ɗauki biro. Gyara zama in ba ka labarin yadda anka yi.

Ka san Justina, wadda kake kira matarka kana ja mata kallabi tun kana saurayi, shekararta goma sha ɗaya da ciwon suga. Shekara shida ke nan da ƙwaya ta daina yi mata aiki, sai allura safe da yamma. Ruwan allurar nan kuwa ɗan gata ne, ba ya son zafi, in ya sha rana ya lalace. Wutar lantarki a unguwarmu awa wata take, a gan ta yau a yi ta addu'a. Firjin da ka saya mana ya daɗe da zama ma'ajin kwanoni. Ma'aikaciyar asibitinmu ce ta gaya mana dabara, maƙwabciyarmu Adawiyya, matar Malam Halliru, ita ta aikata ta. Katanga ɗaya ta raba mu da su shekara ashirin da shida. Adawiyya ta sa anka sayo tukwane biyu a kasuwar Gandi, babba da ƙarama. Halliru ya ɗauko yashi daga gulbi. Munka binne babbar har wuya a kusurwar ɗakin Justina inda rana ba ta dukan bango, anka sa ƙaramar a ciki, anka cika tsakaninsu da yashi. In ana jiƙa yashin, cikin tukunya sanyi ƙalau. Kwalaben allurar kuwa a baƙar leda muke ƙunshe su mu ɗaure da zare, don kada damshi shi ci rubutun da ke jikinsu.

Ciwon ya taɓa idanun Justina, ba ta ganin layukan sirinji. Hannuna kuwa ka san shi, in na ɗauki kofin shayi rabi na ƙasa ne. Saboda haka Adawiyya ke shigowa sau biyu kullum, ta durƙusa a kusurwa, ta zuba ma yashi ruwa, ta auna allura da bisimillarta, ta miƙa. Justina ta karɓa ta ce cikin sunan Yesu, ta soka da kanta. Shekara shida ana haka, ban taɓa jin sun yi gardama kan sunan wa ya yi aiki ba. Gardamarsu ɗaya ce, Adawiyya na cewa Justina na satar dabino a bayan idonta, Justina na cewa mai gadin nan ta fi ɗan sanda naci.

Ranar Alhamis ta makon da ya biyo bayan Ista, Jerry ya sauka daga Abuja, da kwat a cikin wanga zafi. Munka yi murna, na yanka mashi zakara. Yac ce a sabuwar majami'arsu an ba shi baiwar gani, ya zo ne shi yi ma Mama addu'a. Nic ce madalla, addu'a ba ta yawa. Ya yi ta da ƙarfi har awakin unguwa sunka amsa. Washegari ya tsaya bakin ƙofa ya ga mace da hijabi durƙushe a kusurwar ɗaki, tana zuba ruwa a ƙasa tana motsa baki, ta fiddo baƙin ƙunshi ta mayar. Levi, ina zaune ƙarƙashin dalbejiya taku biyar daga inda shike. Da ya juyo yac ce, Baba, mi ne ne wancan, da ba a yi wagga takarda ba. Amma mai baiwar gani ba ya tambaya.

Ranar Asabar na tafi Rabah ta'aziyyar wani tsohon abokin aikina da munka koyar tare, na kwana can. Da rana ta take, Justina ta kishingiɗa a rumfa barci ya ɗauke ta. Ɗanka ya ɗauki fartanyata ya shiga ɗaki ya tone tukwanen ya farfasa. Ƙunshin ko taɓa shi da hannu bai yi ba, da kara biyu ya ɗauke shi ya kai bayan gida, ya zuba kananzir ya ƙyasta ashana. Ka ji inda yac ce a saƙonai wai da kunnenai ya ji aljanu sun yi ƙara sau uku suna fita. Kwalabe uku ne, Levi. Na wata biyu. Ka tuna tatsuniyar da kakarmu ke yi mana, ta baƙon da ya ga gwafa tokare da rumbu, yac ce wanga icce ya ɓata kyan gida, ya zare shi don shi taimaki mai masauki? Muna yara muna dariya har mu faɗi, ban san a gidanmu za a haife shi ba.

Da a nan ya tsaya, da na haɗiye. Bayan la'asar, lokacin da maza ke zama bisa tabarma ƙofar gidan Halliru, ya je ya tsaya a kansu ba sallama. Yac ce matar gidan nan ta binne sammu a ɗakin uwarsa, shekara da shekaru tana shan jininta da sunan taimako, yau Allah ya tona ta. Mutum ya fi goma a wurin. Samari biyu sun miƙe. Halliru ya ɗaga hannu yac ce su zauna, baƙon Malam Mainasara ne, ko mi ya faɗa ya ci albarkacin mai masaukinai. Kai ma ka zauna ƙasar nan, ka san mu nawa ne a garin, ka san abin da magana irin wagga ke iya haifarwa kafin magariba. Hannun Halliru ne ya tare ta.

Justina ta farka ta iske rami a ɗakinta. Ɗanka yac ce mata ta warke, ta daina soka ma jikinta ƙarfe, allura alama ce ta ƙarancin bangaskiya. Na tambaye ta daga baya mi ya hana ta kira ni. Tac ce ɗan ƙanen miji ne, kuma baƙo, ba za a ce ita ta haɗa uba da ɗa ba. Ka ji kara irin ta matanmu, wadda ke iya kai mutum kabari da ladabi. Na dawo ranar Lahadi da azahar, Jerry ya riga ya bi motar safe da labarin nasara. Na iske Justina ta shanye rabin randa, leɓe a bushe, tana kirana da sunan yayanta da ya rasu tun zamanin soja. A asibitinmu babu ruwan allurar. Halliru, wanda anka ci ma mutunci jiya-jiya, shi ya hau babur da fulas ɗin ƙanƙara a ɗaure a baya, ya je birnin Sakkwato ya dawo kafin rana ta faɗi. Kwana huɗu ta yi a gado ana yi mata ƙarin ruwa. Wannan kwanciyar ce ɗanka ya kira shure-shuren ƙarshe na Shaiɗan, ku kuma kunka ce amin.

Maganar ƙarancin bangaskiya ita ta fi ci mini rai. Yaron da ciwon haƙori ke sa shi kuka zai auna bangaskiyar matar da ta soki cikinta fiye da sau dubu huɗu, ba ta taɓa fasa yin godiya kafin ta soka ba? Ina nan shekarun farko da take roƙon Ubangiji da hawaye shi ɗauke mata ciwon. Fasto ya shafa mata mai, matan zumunta sun yi azumi dominta. Bai ɗauke ba. Wata safiya tac ce mini ta daina yi ma Allah jayayya, shi ya san abin da shike yi da ita, in ya warkar ta gode, in ya bar ta da ciwon shi zai riƙe ta a ciki. Tun ranar ban sake jin ta ce don mi ba. Ƙafafunta na zogi, amma ranar Lahadi ita ke fara ɗaga waƙa a majami'a. Da ta farfaɗo a asibiti na zauna ina zage-zage, tac ce in yi shiru, Allah bai bar ta ba ko na awa ɗaya. Ta roƙe shi lafiya, ya ba ta Adawiyya, kuma ba ita za ta gaya mashi ta wace ƙofa zai shigo da jinƙansa ba. Ni da na yi shekara talatin ina karatu gaban jama'a ranar Lahadi, ban taɓa faɗin abin da ya kai wannan ba.

To ga inda muke yau. Mun binne sabbin tukwane, ni ke jiƙa yashi. Amma Adawiyya ba ta sake taka gidana ba, kwana goma ke nan. Na je na ba Halliru haƙuri, yac ce tsakaninmu babu komai. Ita kuwa ta aiko da cewa ba ta riƙe mu da komai ba, sai dai an kira ta mayya a ƙofar gidanta gaban mutane, har matan unguwa na janye yaransu in ta wuce zuwa rijiya. Tac ce bakin da ya faɗa a ƙofar nan shi zai janye a ƙofar nan, kafin nan ƙafarta ba ta shiga ɗakin da za a ce ta koma binne wani abu. Na ga gaskiyarta. Amma ba ta bar Justina ba. Safe da yamma ina riƙe matar nan mu lallaba zuwa katanga, in hau turmi in miƙa kwalba da sirinji, Adawiyya ta auna daga can ta miƙo. Jiya tac ce ta bisa katanga a gaya ma mai satar dabino tana ganinta. Justina ta yi dariya, ta koma ɗaki ta yi kuka. Damina na tafe, Levi. Tsoho mai rawar hannu bisa jiƙaƙƙen turmi da kwalba, ka san ba abin da zai daɗe ba ne. Ran da aka kuskure awon nan da layi biyu, sai dai ku zo jana'iza.

Ba kuɗin magani nike nema ba, kada ka aiko. Kada kuma Jerry shi kira ni a waya shi ce Baba a yi haƙuri, ba ni ya ɓata ma suna ba. Abin da nike so, shi hau mota shi zo Wurno. Bayan la'asar, lokacin da tabarma ta cika, shi yi sallama, shi durƙusa gaban Malam Halliru, shi faɗa da muryar nan tasa mai tada awaki cewa maganin uwarsa ya ƙone, matar gidan kuwa ba ta yi komai ba sai alheri. Sa'an nan shi saka wannan ma a zauren dangi, ku yi mashi amin. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinai. Ban ce yaron mugu ne ba. Son Justina ya kawo shi, na sani, ita ma kullum tana sa shi a addu'a, har ta hana ni kiran sunanai da faɗa a gabanta. Amma so bai hana mutum tambaya ba.

Na ba shi zuwa Asabar ta ƙarshe ga wanga wata. In ranar ta zo bai zo ba, na riga na gaya ma Halliru shi tara mutanen da sunka ji. Ni zan je, da furfurata da shekara saba'in da uku, in durƙusa a ƙasa gaban samarin da na koya ma karatu, in ce ɗan Levi ƙanena ya yi ƙarya a ƙofar nan, ubanai kuma ya kasa turo shi. Gwiwa dai za ta taɓa ƙasa ranar nan. Kai za ka zaɓi ta wa.

Ka gaida Asabe da kyau, da Iliyasu da amaryarsa, da dukan 'yan'uwa na majami'arku. Patricia ta ce in gaishe ku in na rubuta. Justina na gaida mijinta na wasa, tac ce kada ka yi ma yaron tsawa da yawa. Wannan saƙonta ne, na isar, ba nawa ba ne. Ubangiji shi riƙe mu da ku cikin salamarsa, shi ba mu ganin juna da alheri.

Ni ne yayanka,
Mainasara.