Inna, Na Gaji da Salla a Kujera

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Arlit muna nan, yara lafiya lau, Baban Nafisa ma haka. Ni ce dai da sauƙi-sauƙi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma ke kika saba jin ƙorafina tun ina ƙarama, kuma yau raina a ɓace yake. Ki yi haƙuri ki saurare ni.

Inna, ban cika shekara arba'in ba, amma a kujera nake salla. Gwiwoyina sun ƙi ɗaukar nauyina. In na ce zan durƙusa sai in ji kamar ana soka mini ƙusa, in na sauka kuwa tashi ya zama aiki. Ranar Idi aka jera mu a gefe, ni da tsofaffin da suka isa su yi jika da ni, kowa da kujerarta ta roba. Ke da kika rasu da furfura ba ki taɓa salla a zaune ba sai a jinyar ajali. Malamai sun faɗa mini Allah Ya yi rangwame ga mai lalura, kuma na yarda. Amma ni so nake goshina ya taɓa ƙasa, kuma don wannan nake duk wahalar da zan ba ki labari.

Ba ki san ciwon ba, bayan rasuwarki aka gano shi. Wani ɗan abu ne a wuya da likitoci ke kira tiroyid, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Nawa bai kumbura ba, lalaci ya yi, ya daina ba jiki abin da zai ƙona abinci da shi. Shi ya sa nake lulluɓa da bargo a garin da mutane ke kwana a tsakar gida saboda zafi, gashina na bin mataji, barci ba ya isata, jiki kuma sai hawa yake. Aka ba ni wata ƴar mitsitsiyar ƙwaya, aka ce kullum da safe kafin in ci komai, har iyakar rayuwata.

Da farko abin ya yi daɗi. Na bar sukari, na rage tuwo, na fara tafiyar ƙasa bayan asuba. Kilo bakwai suka tafi, har zanena ya fara zamewa. Na ce to, kujera, kwanakinki sun ƙare. Daga nan sikeli ya tsaya cak. Wata ya bi wata, lamba ɗaya nake gani.

Har zargin sikelin kantin magani na yi, Inna. Na ce ya lalace. Na tafi kasuwa wajen masu auna buhunan dankali da albasa da ake saukowa da su daga lambunan Abzin, na tuɓe takalmi, na hau nasu, mutane na kallo. Mai sikelin ya yi ta ƙoƙarin haɗiye dariya. Lambar da na gudo wa ita na tarar a can, har da ɗan ƙari saboda mayafi.

Tafiyar safen ma ba a bar ni in yi ta cikin sutura ba. Lokacin ne motocin ma'aikatan haƙar ma'adinai ke fita, ni kuma ina bin gefen titi ina haki. Duk ɗan kabu-kabun da ya hango ni sai ya taka birki ya ce Hajiya ta hau, don a ganinsu mace mai jikina ba ta tafiya a ƙasa sai in wani abu ya same ta. Wani har ya ce kyauta zai kai ni. Na gaji da bayani, yanzu hannu kawai nake ɗaga musu.

Ƴan uwa a Damagaram kuwa, da sun ga hotona sai su ce daɗin Arlit ya karɓe ni. Wane daɗi? Garin da aiki ya koma yau akwai, gobe babu? Maƙwabciyata Tamumint, mutuniyar Iferwan, ita nata salon daban ne. Kullum sai ta shigo da cuku da dabino, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a wajensu irin jikina ake nema, me ya sa zan ɓarar da abin da Allah Ya ba ni. Da zuciya ɗaya take faɗa, shi ya sa ba na iya yi mata faɗa. Baban Nafisa shi ma cewa yake in bar takura wa kaina, shi bai ga laifin jikina ba. Babu wanda ya gane ba kyau nake nema ba.

Da haushi ya ishe ni, sai na shiga horar da kaina da yunwa. Na soke kunun safe gaba ɗaya, na koma kofin madara mai kauri babu sukari. Da rana ɗan latas da tumatir. Jiri ya riƙa ɗibana a madafa, na riƙa yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Aka ce jinina ya yi ƙasa, aka haɗa mini da maganin ƙarin jini. Duk da haka sikeli ko gezau. Akwai ranar da na zauna a bakin gado na yi kuka kamar an aiko mini da rasuwa.

Ƙarshe dai na bi hanyar Agadas, wadda ta kusa kwance mini ƙugu, na je asibiti aka ɗebi jinina. Da sakamako ya fito, likitar ta ce jinin ya nuna kamar maganin ba ya isa jikina yadda ya kamata. Raina ya ɓaci, Inna. Ni da ko ranar sunan ɗan ƙanwata ban tsallake shi ba! Ita dai ba ta yi gardama da ni ba. Ta ce in faɗa mata yadda safiyata take, daga tashi har zuwa haɗiye ƙwayar. Ina kawowa kan kofin madara ta ajiye alƙalami.

Kin tuna lokacin da zazzaɓi ke kama ni ina yarinya? Kina zaune kan tabarma, ƙwaya a hannun dama, ludayin kunu a hagu. Ko ina amai sai na kurɓa kafin ki ba ni. Kina cewa, "Ba a jefa magani a cikin wofi, Hadiza, cin hanji yake yi." Haka kika yi wa duk ƴaƴanki, haka nake yi wa nawa.

An faɗa mini tun ranar farko cewa kafin cin komai ake shan wannan ƙwaya. Ban manta ba. Amma hannuna ya ƙi kai magani baki a kan cikin da babu komai, don muryarki nake ji. Sai na yi wa kaina fatawa, na ce ɗan kurɓi ai ba cin abinci ba ne. Da can da ƴar kurɓar kunu nake kora ta. Da na koma madara sai na riƙa korawa da kofi guda, in bi da maganin ƙarin jinin a kai, don in gama da magunguna lokaci ɗaya. Likitar ta ce madara da maganin ƙarin jini su ne kan gaba wajen tare wannan ƙwaya a ciki su hana ta shiga jini. Wato duk watannin nan ina tafiya, ina yunwa, ina kuka, ni da hannuna nake toshe wa maganin hanya kowace safiya.

A motar dawowa na yi fushi da ke. Gara in faɗa miki gaskiya. Na ce Inna ta tafi ta bar ni da doka, dokar ta zaunar da ni a kujera. Muna cikin hamadar nan babu komai sai duwatsu, ina ta yi miki faɗa a zuci. Kafin mu hango tsibin ƙasar ma'adinai na bakin gari fushin ya huce, ya bar ni da kunya. Ke maganin zazzaɓi kika sani, kuma a kansa kina da gaskiya. Ina kika taɓa ganin ƙwayar da ke son ciki wayam? Da kina raye, ke za ki fara ɓoye gwangwanin madarar.

Yanzu da ruwa zalla nake sha, in jira kusan awa kafin in karya, maganin ƙarin jinin kuma sai da rana. Har yau in na kai ƙwayar baki sai na ji kamar ina saɓa miki. Likitar ta ce in bar yunwar banza, in ci ƙwai da wake da ganye, in ci gaba da tafiya, in ƙarfafa ƙafafuna a hankali. Ta kuma gaya mini ƙwayar ba narkar da kitse take yi ba, kada in sa ran abin mamaki. Na koma an sake auna jinin, ya fara daidaita. Sanyin ya ragu. Sikeli kuwa, bayan duk wannan, kilo ɗaya da ɗan wani abu ya sauke. Kilo ɗaya, Inna! Na tsaya a kai ina harararsa, ban san ko in gode ko in yi tsaki ba.

Jiya da la'asar gidan babu kowa. Na ture kujerar gefe, na ce ko me zai faru ya faru. Na yi ruku'u, na dafa ƙasa da hannu biyu, na sauka a hankali ina cije leɓe. Goshina ya taɓa tabarma. Na ji ƙamshin kabarta da na manta. Da na zo ɗagowa gwiwar hagu ta ce ba ta san zancen ba. Ban yi kokawa da ita ba, na yi zamana a sujada, tunda an ce nan ne bawa ya fi kusa da Ubangijinsa. Na shekara biyu ina tara abin da zan roƙa wa kaina in na samu wannan wuri. Da na buɗe baki, sunanki ne ya fito.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowane ludayi da kika kai bakina. Ni kuma Ya ba ni haƙuri da wannan jiki, Ya ba gwiwoyina ƙarfin tashi kamar yadda Ya ba su na sauka. Amin.

Taki har kullum,
Hadiza