Babban Batir da Jarkar Tata

Litinin, 7 ga Oktoba

Kashi sittin da shida cikin ɗari. Ƙarfin da ya rage wa batirin motata mai aiki da lantarki ke nan, in ji na'urar gareji. Takardar garanti ta ce in ya yi ƙasa da saba'in kafin shekara takwas dole kamfani ya canza shi, ni kuwa shekara shida na yi da motar. Magana ta ƙare, a tunanina.

Ashe da sauran Domnu Parvu, manajan garejin. Mutum ne mai turare kamar an kifar masa da kwalba a ka, ga zobe ya nutse cikin yatsa. Ya ce irin ƙaramin batirina an daina ƙera shi. Yanzu iri biyu ake sa wa mutane: ko tsohon ƙarami da aka kwance aka gyara, ko sabon babba mai tafiya kilomita ɗari uku da wani abu. Manyan kaɗan ake aiko musu. Na ce wa ke zaɓa? Ya yi murmushi ya ce, "Doamna Otilia, kwamfuta ce ke zaɓa. Amma ita ma kwamfutar ai wani ne ke taɓa ta."

Da na fito sai da na goge hannuna a jikin kwat.

Laraba, 9 ga Oktoba

Horia ya bugo daga Italiya. Ƙanena ne, amma tun da ya fara aiko wa mahaifinmu, da muke kira Tata, magani yake mini magana kamar shi ya haife ni. Maganar dai ɗaya ce. Tun da ɓarin jikin Tata ya ɗan shanye a bazara, likita ya ce kada a yi mako ba a duba shi ba, a auna jini, a jera masa ƙwayoyi. In ba zan iya zuwa kowace Lahadi ba, to in Horia ya zo Kirsimeti zai ɗauke shi ya kai shi gidan tsofaffi a Turda. Har ya ga hotunan ɗakin, wai akwai talabijin.

Daga Cluj zuwa ƙauyenmu kilomita ɗari da goma ne, rabinsa hawan dutse. Babu wurin caji a hanya bayan an bar babban titi, wayoyin wutar gidan Tata kuma sun girme ni. Sau ɗaya na jona motar, wutar gida uku ta ɗauke. Dole caji ɗaya ya kai ni ya dawo da ni. Da, tana yi da kyar in ban kunna hitar ɗumama mota ba. Yanzu ɗari da arba'in take yi ta ce ga garinku nan.

Mutumin da ya shekara saba'in da tara yana tashi ya ga gonarsa, a kai shi ɗaki mai talabijin.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na koma gareji sa hannu a takardu. Awa biyu a ɗakin jira, da kofi mai ɗanɗanon roba. Na zauna kusa da wani dattijo direban tasi, Nea Zamfir, motarsa irin tawa sak. Nasa batirin sittin da ɗaya, kuma tun Yuli yake layi. Shi ne na ɗaya, ni ta huɗu.

Shi ya yi mini bayanin yadda ake yi. Ba a ba Parvu komai a hannu, akwai kyamara. In ka kawo mota a duba, sai ka bar jaka a but ɗin mota, ka ce wa mai karɓar makulli ka manta wani abu a baya amma ba na gaggawa ba ne. In ka zo ɗaukar mota but ya zama wayam, to an ji ka. In jakar tana nan, ba ta isa ba.

Na ce shi me ya manta? Ya ce, "Ni? 'Yata, shekara talatin ina mantuwa, a asibiti, a ofishin lasisi, har wajen haƙa kabarin matata sai da na yi mantuwa. Na gaji. Wannan karon haƙƙina ne a rubuce, ko tsinke ba zan bari ba." Na ce ni ma haka. Muka yi musabaha a kai kamar wasu 'yan siyasa, har yarinyar da ke kan tebur ta ɗago ta dube mu.

Ya ba ni rabin burodinsa mai cuku. Na ji daɗin mutumin nan.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na tafi ƙauye da bas. Bas biyu, da tafiyar ƙasa ta minti arba'in, na samu awa ɗaya da rabi kacal da Tata kafin na juyo. Ya haɗa ƙwayoyin safe da na dare a kofi ɗaya. Jininsa ya hau.

Na yi kuskuren ba shi labarin garejin. Ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi, ya ce, "To me kika kai wa mutumin?" Na ce ba zan kai komai ba, doka ce. Ya ce, "Doka! Otilia, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ke kin ɗauka yadda aka karɓe ki a makarantar birni, kyanki aka gani?"

Ban san wannan ba. Shekara arba'in ina cewa jarrabawa na ci.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na ci jarrabawar. Na tuna makina. Na ci.

Talata, 22 ga Oktoba

Na buga gareji sau uku. Domnu Parvu yana taro. Domnu Parvu ya fita cin abinci. Domnu Parvu zai kira ni. A karo na huɗu ya ɗauka, ya ce manya biyu za su iso farkon Nuwamba, kuma ya kamata in kawo motar a sake "duba ta da kyau" kafin nan. Duba me? Ba su suka auna ba? Ya ce ai ko lafiyayye yakan je wurin likita ya gaishe shi.

Tir. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne ladabinsa. Da ma ya fito ya ce kawo kaza, da na san da ɓarawo nake magana. Amma sai ya bar ka kai ne za ka yi tunanin abin, kai za ka nannaɗe shi, kai za ka yi ƙaryar mantuwa, shi hannunsa tsaf.

A wurin aiki na faɗa wa matan ɗakin gwaje-gwajen asibitinmu, ina jiran su taya ni zagi. Sai gardama ta kaure a kan ko wiski ya fi ko palinka, barasar nan da ake dafawa a gida. Ɗaya ta ce kada in sa a ledar kanti mai tambari, ba tsari. Kowa gwani ne. Ƙasar nan kaf an yi mana digiri a wannan fanni.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ban je ba. An soke bas na biyu, daga yau sai bazara, wai ba fasinja.

Na kira maƙwabciyar Tata ta duba shi. Ta same shi a ƙasa kusa da murhu, ya zame, ya fi awa bai iya tashi ba. Bai ji ciwo ba. Ya hana ta faɗa mini, ita kuma ta faɗa wa Horia kafin ni.

Horia bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ce kawai ya bugo Turda, suna da gado daga ranar ashirin ga Disamba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na ɗauki hutun kwana ɗaya, na bi motar mai kai burodi zuwa ƙauye.

Tata ya rame. Ya ce ya ji labarin gadon. Bai roƙe ni komai ba, ya ce dai in an kai shi, a bar wa maƙwabciya kajin. Sannan ya ce in sauka rumbun ƙasa in ɗauko jarkar da ke bayan buhun dankali, mai murfi ja. Palinkar da ya dafa da hannunsa shekarar da Mama ta rasu, shekara goma sha ɗaya tana kwance. Lita biyar.

Na ce ba na so. Ya ce, "Ba ke na ba ba. Ki sa a mota. In kin ga dama ki zubar a kogi."

Na ɗauko. Duk hanya tana tsakanin ƙafafuna tana ƙara, direban burodin yana ta satar kallonta yana lashe baki.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Tana bayan ƙofa. Na rufe ta da tawul kamar gawa.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na kai motar a "duba ta da kyau".

Na sa jarkar a baƙar jaka marar tambari. Abin takaici har da ƙara wani mulmulen cukun tumaki, don jakar ta yi mini kamar ba ta cika ba. Wa ya koya mini wannan? Ba wanda ya ce in ƙara.

Da na miƙa makulli na ce, "Na manta wani abu a but, amma ba na gaggawa ba ne." Mutumin ko ɗagowa bai yi ba, ya rubuta lambar motar ya ce in dawo ƙarfe huɗu. Kalma goma sha biyu, kuma sun fito sumul kamar na saba.

Ƙarfe huɗu but wayam. Har sun share mini shi, sun fesa wani abu mai ƙamshin lemo. Na tsaya a gefen titi na buɗe tagogi duka duk da sanyin.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Domnu Parvu da kansa ya kira. "Doamna Otilia, albishirinki! Kwamfuta ta zaɓe ki." Ya ce in gaida mahaifina, mutum ne da ya san aikinsa.

Na ce na gode. Sau biyu na faɗa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

An sa. Kwana biyu suka yi, sun sauke tsohon daga ƙarƙashin motar da wata na'ura kamar gadon asibiti. Allon gaba ya nuna kilomita 338. Na zauna ina kallon lambar.

Ina fitowa daga ofis sai ga Nea Zamfir a ɗakin jira da hularsa a gwiwa. Na so in bi ta ƙofar baya, ya riga ya gan ni. An sa masa gyararren ƙarami. Sun ce zai yi ɗari da tamanin in ba sanyi. Ɗayan babban ya tafi wajen wani lauya.

Ya tambayi irin wanda aka sa mini, na faɗa masa. Na jira ya dube ni irin kallon da ya kamata. Sai ya tashi ya kama hannuna da hannayensa biyu. "Kin gani ko? Kin gani? Aƙalla ɗaya ya faɗa hannun mai tsabta. Wallahi kin wanke mini zuciya, 'yata. Da na ce duk ƙasar ta ruɓe." Ya ce zai ba jikarsa labarina, wai tana so ta bar ƙasar don ta ce ba a samun komai da gaskiya.

Na ce sa'a ce kawai, Nea Zamfir.

Ya ce ba sa'a ba ce, haƙƙi ne.

Na yi amai a banɗakin gidan mai na farko. Wataƙila kofin garejin ne.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Nea Zamfir ya turo saƙo, hoton fure da "barka". Ban buɗe ba, daga sama na gani.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na tashi ƙarfe bakwai, kafin tara da rabi ina ƙofar gidan Tata, da hita a kunne tun daga Cluj. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan dutsen, motar ko gezau. Na isa da sauran caji kashi hamsin da takwas.

Wuni guda cur. Na jera masa ƙwayoyin mako a akwatin roba, na aske masa gemu, na dafa miyar kabeji wadda za ta kai shi Laraba. Jininsa ya sauka. Mun kira Horia ta bidiyo, na juya wayar ya ga motar a tsakar gida. Ya ce to a bar maganar Turda zuwa bazara a gani. Tata ya fita wai zai duba kaji, ya daɗe bai dawo ba.

Bai tambaye ni jarkar ba.

Takardar asibiti ta zo masa ranar Alhamis. Hoton ƙwaƙwalwar da likita ya ce a yi cikin gaggawa, an ba shi ranar sha tara ga Maris. Wata huɗu. Ƙasar banza, mutanen banza, kowa da but ɗinsa a buɗe.

Kafin na taho na sauka rumbun ƙasa ɗebo dankali. Akwai wasu jarkoki uku a can kusurwa, biyu cike, ɗaya rabi. Gani kawai na yi, tunda fitilar tana hannuna.

Gobe in na samu sarari zan tambayi matan wurin aiki sunan wanda ke riƙe da littafin layi a sashen hoto. Don in sani ne kawai.