Kofin da Na Aika wa Asger

Esbjerg, 6 ga Oktoba

Zuwa ga ƙawata Gunver,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Likita ya bar ki kin hau keke, ko har yanzu kina dogara sanda kina masifa da kowa? Mu nan lafiya lau. Mijina Keld yana gaishe ki, ya ce a gaya miki kifin da kika aiko gishirinsa ya yi yawa, amma shi kaɗai ya cinye.

Da kina ɗaukar waya kamar sauran mutane da ban ɓata tawada ba. Tunda kika koma Bornholm kika ce sai takarda, to ga takarda, kuma albishirinki. Fim ɗin tarihin rayuwar mawaƙinmu Asger Ravn ya fito. Ranar Asabar da ƙarfe uku za a fara nuna shi a nan, mu 'yan ƙungiyar masoyansa har mun kama layi biyu na kujeru. Shekara talatin da rasuwarsa, Gunver. Kin taɓa lura cewa yanzu mun girme shi? Ya tafi yana da arba'in da ɗaya, ni ga ni ina neman sittin, ina tuƙa bas mai lamba huɗu ina rera waƙoƙinsa a ƙasan maƙoshi.

Ga babban labarin. Preben, wanda har yau shi ne shugaban ƙungiya don ba mai iya ƙwace kujerar, ya ce masu fim sun samo bidiyon wasan da Asger ya yi a zauren ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Wasanmu!

Jiya a wurin aiki na sake ba direbobi labarin, har wani ya ce ya haddace. Yaran yanzu ba su san al'adar ba, sai da na yi musu bayani: duk inda Asger ya yi wasa, da ya ɗauko waƙar masunta, wani daga can bayan zaure zai cika ƙaramin kofi da snaps, giyar nan mai ƙarfi, a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu ta saman kawuna har dandamali, ba a yarda ko ɗigo ya zube ba. Shi kuma ya shanye a kurɓi ɗaya, ya kife kofin, ya ja jita, zaure ya haukace. Na gaya musu yadda a wannan shekarar muka tarar da takarda a ƙofa an hana shiga da kwalba, mashayar ciki ma ba ta sayar da snaps. Muka ce iyayi ne kawai na manaja. Na cusa 'yar kwalba a cikin dogon takalmina, na wuce mai gadi ina ɗingishi, kika riƙe kofi na zuba. Ba don mu ba da Esbjerg ta zama gari na farko da Asger ya yi waƙar masunta da busasshen maƙogwaro.

Ban sani ba ko za a ga fuskata. Na dai je an gyara min gashi, kamar wadda za ta fito a ciki ita ce ta yau. Ki yi dariyarki.

Zan rubuto miki komai. Allah ya ƙara sauƙi.

Taki har kullum,
Bodil

Esbjerg, 13 ga Oktoba

Gunver ƙawata,

Ina gaisuwa, da fatan jiki yana ƙara kyau. Na ga katinki, na gode. Kin ce in ba ki labari kada in rage komai. Kwana biyu ina zama a gaban takarda ina tashi.

Fim ɗin yana da kyau, bari in fara da wannan. An nuna shi yana yaro a jirgin kamun kifin babansa, an nuna ƙaramin ɗakin da suka fara kiɗa. Muna ta rera waƙa a cikin silima kamar marasa hankali, Preben har da kuka. Sai wajen ƙarshe aka sa Ejner, mai gangarsa, ya tsufa sosai, yana zaune a kicin. Ya ce kafin wasan Esbjerg Asger ya yi wata goma sha ɗaya bai sa giya a baki ba. Likita ya gaya masa hantarsa ba za ta ɗauki ƙari ba. Takardar nan ta ƙofa ba manaja ya sa ba. Asger ne ya rubuta da hannunsa, gari bayan gari, don yana jin kunyar fitowa ya gaya mana da baki. Garuruwa shida aka bi maganarsa. Mu ne na bakwai.

Daga nan aka sa bidiyon. Mu daga baya muka kalli abin, shi kuwa mai ɗaukar hoton a gefen dandamali yake, fuskar Asger yake ɗauka. Gunver, shekara talatin da ɗaya ina cewa ya hango kofin ya yi murmushi. Bai yi murmushi ba. Ya hango shi tun yana tsakiyar zaure, ya daina waƙa, ya girgiza wa 'yan gaba kai. Suka ɗauka wasa ne. Zaure ya shiga buga ƙafa ana kiran sunansa, mutum sama da dubu. Ya juya ya dubi Ejner kamar yaron da aka kama. Sannan ya karɓa ya shanye, muka yi ihu. Na ji muryoyinmu, murna ce tsantsa.

Ejner ya ce bayan wasan kwana huɗu ba a san inda yake ba. Bai sake daina sha ba kuma, bayan wata goma sha huɗu ya rasu.

Ba a ga fuskata ba. Ba a buƙatar gani, duk wanda ke layuka biyun nan ya ji labarin takalmina ya fi sau ashirin. Da aka kunna fitila ba wanda ya juyo wajena, har gara a ce sun juyo. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mun je shan gahawa kamar yadda aka tsara, an yi odar kek tun kafin nan, ba wanda ya ci na kirki. Preben ya yi ta zuba, wai masu fim sun tozarta mamaci, wai Asger babban mutum ne, ba wanda ya ɗura masa, wai za mu rubuta takardar ƙorafi. Wasu suka bi shi. Wasu suka ce ba za su iya sake jin waƙar masunta ba. Wata ta dafa kafaɗata ta ce ai ban sani ba, in daina damuwa.

To, ban sani ba ɗin. Amma na karanta takardar nan, ke ma kin karanta. Da hannu aka rubuta ta, kuma da “don Allah” ta fara. Wane manaja ne yake rubuta “don Allah” da hannunsa? Na gani, na ji wani abu a raina, na danne shi saboda ina so in zama wadda ta aika kofi. Gaskiyar ke nan.

Akwai abin da ya fi wannan. Kin san duk ranar tunawa da shi muna zuwa kabarinsa, kuma ni ake ba kofi in zuba masa a kan ƙasa, saboda ni ce jarumar Esbjerg. Sau ashirin da tara na tsaya a kan mutumin nan ina kwarara masa abin da ya roƙe mu mu raba shi da shi. Preben ya ce bana ma ni zan zuba. Na ce ya nemi wani.

Ranar ashirin da biyar za a sake nuna fim ɗin, kuma matarsa Inger za ta zo ta amsa tambayoyi. Na yanke shawara zan same ta in gaya mata ni ce. Keld ya ce in rabu da baiwar Allah, ba abin da maganata za ta ƙara mata. Keld bai taɓa son Asger ba, me ya sani? Ina ganin tana da haƙƙin ta ga fuskar wadda ta yi. In za ta zage ni ta zaga, in mari ne ma na tsaya. Ba zan ambaci sunanki ba, kada ki damu.

Ki yi min addu'a. Ki kula da kanki.

Taki,
Bodil

Esbjerg, 27 ga Oktoba

Zuwa ga Gunver,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce kin ajiye sanda, Allah ya ƙara lafiya. Na gode kuma da maganganunki masu sanyaya rai, sai dai ban cancance su ba, yanzu za ki ga dalili.

Na je. Ban shiga kallon ba, a waje na jira har aka tashi. Inger 'yar ƙaramar mace ce, gashinta fari fat, da rigar ruwa da jakar baya kamar wadda za ta kasuwa. Mutane suka yi layi suna gaya mata inda suka fara ganin Asger, ita kuma tana gyaɗa kai. Na bari sai da kowa ya watse tana neman safar hannunta, sannan na matsa. Kwana goma ina shirya maganar a cikin bas, amma da na tsaya a gabanta sai ta fito a dunƙule. Na ce sunana Bodil, ni ce na shigo da kwalbar, ni na zuba, ni na aika, ta yafe min.

Ba ta firgita ba, ba ta yi fushi ba. Ta gama sa safar hannunta tukuna. Sannan ta ce, kuma na riƙe kalmomin kamar yadda ta faɗa: “Ke ce ta tara. Tunda fim ɗin nan ya fito, mutum takwas sun riga ki. Biyar ta wasiƙa, uku a tsaye kamar ke. Wani ma kofin ya aiko min a kwali, ya naɗe shi da auduga.”

Gunver, yanzu zan gaya miki abin da ban gaya wa Keld ba. Kina tsammani sauƙi na ji? Haushi na ji. Jinina ya tafasa kamar an shiga gidana an ɗauke min kaya. Su wane ne waɗannan takwas ɗin? Maƙaryata! Kafin in ankara bakina ya buɗe. Na ce mata a'a, su ƙarya suke yi, ni ce da gaske. Na fara kwatanta mata inda muka tsaya, kusa da ginshiƙi na biyu, da irin kwalbar, da takalmin da na sa ta a ciki. Ina ta kawo hujja kamar wadda ta zo karɓar kyauta. Ina tsaye a gaban matar da ta yi jinyarsa wata goma sha huɗu, ina jayayya don a bar min mutuwar mijinta.

Ta bar ni na kai aya. Ta dube ni, ba da ƙiyayya ba, da gajiya kawai. Ta ce: “Na yarda, ke ce. Ki riƙe. Kun ɗebi rigunansa, kun ɗebi duwatsun kabarinsa, wannan ma kowa yana son rabonsa. Zaure guda ya buga ƙafa a ranar, har yau ba wanda ya zo ya ce min shi ya buga ƙafa.” Ta ce jirgin ƙasanta ya kusa tashi, ta yi min sallama da ladabi, ta fita.

Na tsaya a wurin har mai shara ya roƙe ni in matsa.

Na ɗauka kunyar ranar farko ita ce iyaka. Ashe ko tubana ma irin wancan son ne, son a ce ni ce. Keld bai tambaye ni yadda aka yi ba, ya dubi fuskata ya ɗora tukunyar gahawa.

Ga roƙona. Jiya da safe na zauna na fara rubuta miki wata takarda, ba wannan ba. Sai da na kai rabin shafi na ga abin da nake yi: roƙonki nake ki rubuta wa Inger, ki shaida mata cewa cikin mu tara ni ce ta gaskiya. Na yayyaga ta. Amma na san halina, kuma na san naki, in na nema za ki yi don kina ƙaunata. To, ko da wata rana wasiƙa irin wannan ta iso gare ki da rubutuna, ko na yi miki kuka, kada ki yi.

Ki gaida mutanen gida. Ki rubuto in kin samu dama.

Ƙawarki,
Bodil