Hannun Sista Mari

Narayi, Lahadi da dare, Agusta 1987

Yau mu 'yan zumuntar mata muka kai wa Sista Mari, nas ɗin nan 'yar Haiti, sabulu da tawul da muka tara wa talakawan garinsu, inda ƙanjamau ke kwasar mutane. Don murna har da hawaye, ta bi mu tana miƙa hannu. Maman Ladi, wata 'yar zumuntarmu, ta raɗa mini, "Saratu, kul! Daga ƙasarsu ciwon ya fito." Da Sista Mari ta iso kaina sai na ɓoye hannuna cikin zani. Ta gani sarai. Ta ce, "Na gode, 'yar'uwa," ta wuce.

Matar da ta karɓi haihuwar Yakubuna ranar da na kusa mutuwa! Ko tuwo na kasa ci. Gobe da wane ido zan dube ta?